Jos Repertory Theatre: Ƙungiyar da ta hana fitilar dandamali mutuwa a Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos ya san cewa da zarar rana ta karkata, sanyi ke saukowa daga kan duwatsu, kowa ya shiga laluben rigar sanyi yana neman hanyar gida. Amma akwai shekarun da tsoro da dokar hana fita suka riga sanyin korar mutane daga titi. A irin wannan gari ne wata ƙaramar ƙungiya ta zaɓi sana'ar da ba ta yiwuwa sai an tara mutanen da ba su san juna ba a wuri guda, da yamma, an zaunar da su kafaɗa da kafaɗa na tsawon sa'a biyu suna kallon abu ɗaya.

Sunan ƙungiyar Jos Repertory Theatre, ana taƙaita shi da JRT. Ta haura shekara 25 da kafuwa, ba ta gwamnati ba ce, ba ta jami'a ba ce, ba kuma don riba aka kafa ta ba. A ƙasar da ƙungiyoyin wasan dandamali ke tashi kamar ciyawar damina su bushe kafin kaka, wannan daɗewa kaɗai ta isa a tsaya a duba yadda aka yi.

Garin da ya saba da 'yan wasa

Haƙar kuza ce ta gina Jos a farkon ƙarni na 20. Ita ta jawo Hausawa da Yarbawa da Ibo da Urhobo da Turawa da mutanen ƙasashen maƙwabta, suka tarar da Birom da Anaguta da Afizere a ƙasarsu, aka cakuɗa. Garin leburori ne da 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa, mutanen da ke karɓar albashi kuma suke neman abin debe kewa bayan tashi daga aiki. Shi ya sa tun zamanin mulkin mallaka masu yawon wasan kwaikwayo daga kudu ba sa tsallake Jos. A nan ne a 1946 hukumomin Turawa suka tsayar da wasan Hubert Ogunde mai suna Strike and Hunger, wanda ya gina a kan yajin aikin gama-gari na 1945. Tun a lokacin masu mulki sun gane cewa abin da ake faɗa a kan dandamali yakan bi 'yan kallo har gida.

Bayan samun 'yancin kai sai garin ya zama matattarar masu aikin hoto da sauti. Tashar talabijin ta Binuwai-Filato ce ta fara watsa hoto mai launi a Najeriya a tsakiyar shekarun 1970. A Jos aka ajiye hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979, a nan ne kuma Kwalejin Talabijin ta NTA da Cibiyar Koyon Aikin Fim ta Ƙasa suke. A yankin aka ɗauki shirin Cock Crow at Dawn da ya mamaye gidajen Najeriya a farkon shekarun 1980. Masu kallon Hausa kuwa ba za su manta da Karkuzu na Bodara ba, wanda marigayi Abdullahi Shu'aibu ya fito da shi daga wannan gari. Ga kuma sashen nazarin wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos da ke yaye ɗalibai duk shekara.

Don haka 'yan wasa ba su taɓa yi wa Jos ƙaranci ba. Abin da aka rasa shi ne inda matashin da ya gama karatu zai ci gaba da hawa dandamali a kai a kai, a gaban 'yan kallon da ba malamansa ko abokan ajinsa ba.

Haihuwa a mugun lokaci

A 1997 ne Patrick-Jude Oteh, wanda ya yi karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ibadan, ya kafa ƙungiyar. Da wuya a sami shekarar da ta fi wannan rashin dacewa da irin wannan aiki. Janar Sani Abacha ne ke kan mulki. Shekara biyu ke nan da rataye marubuci Ken Saro-Wiwa, kuma a watan Maris na wannan shekarar gwamnati ta tuhumi Wole Soyinka, wanda ke gudun hijira, da cin amanar ƙasa. Ta fuskar kasuwa ma labarin babu daɗi. Ogunde ya rasu a 1990, kuma al'adar yawon wasa gari-gari ta kusa bin sa. Kaset ɗin bidiyo ya shigo da ƙarfinsa: Turmin Danya a Kano a 1990, Living in Bondage a Legas a 1992. Mutumin da zai iya hayar kaset da 'yan kuɗi kaɗan ya kalla da iyalinsa a ɗaki, me zai fitar da shi cikin dare ya sayi tikiti?

Sai a shekarar 2000, bayan komawa mulkin farar hula, ƙungiyar ta fara cikakken aiki. Kalmar da ke tsakiyar sunanta tana bayyana irin tsarin da ta ɗauka. A al'adar dandamalin Turai, ana nufin ƙungiya mai tsayayyun 'yan wasa da ke da taskar wasanni a hannu, tana juya su: yau wannan, gobe wancan, baɗi a dawo da wanda aka yi bara. Amfanin tsarin shi ne wahalar da aka sha wajen haddace wasa da ɗinka suturarsa ba ta tafiya a banza bayan dare ɗaya. Ɗan wasa kuma yana gogewa, domin wanda ya fito a sarki ranar Talata yana iya fitowa a direban tasi ranar Alhamis.

Aikin ƙungiyar ya kasu gida uku. Akwai wasannin dandamali da aka rubuta aka wallafa, na marubutan gida da na waje. Akwai wasan wayar da kai da ake kai wa jama'a har inda suke. Sai kuma horar da matasa, a fagen wasa da bayar da umarni da kuma tafiyar da harkar kanta.

Wasan da ake kai wa mutane har gida

Kashi na biyu yana da tsohon tarihi a arewa. Tun daga tsakiyar shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a ƙarƙashin jagorancin irin su Michael Etherton, suka fara fita daga harabar jami'a zuwa Samaru da ƙauyukan kewaye. Tsarin da suka shimfiɗa shi ne 'yan wasa su shiga cikin al'umma su saurari abin da ke damunta, su ƙulla gajeren labari daga abin da suka ji, su nuna shi a dandali ko bakin kasuwa, sannan su tsaya a inda rikicin labarin ya yi tsanani su tambayi 'yan kallo yadda za a warware. Sau da yawa wanda ya zo kallo yakan tsinci kansa a tsakiyar fili yana nuna abin da shi zai yi da a ce shi ne.

JRT ta yi amfani da irin wannan hanya, musamman a kan cutar ƙanjamau, a shekarun da ko ambaton sunanta abin kunya ne a gidaje da yawa. Dalilin da ya sa wasa ke cin nasara a inda lacca ke faɗuwa ba ɓoyayye ba ne ga Bahaushe. Wanda ya tashi yana ganin tashe da wasan gauta ya san cewa akwai maganar da ba a iya faɗa wa babba ido da ido, amma idan aka sa ta a bakin ɗan wasa sai a yi dariya, saƙon kuma ya isa. Matar da ba za ta iya cewa mijinta ya je a gwada jininsa ba, tana iya yin magana a kan matar cikin wasa ba tare da ta tona asirin ɗakinta ba.

Biki a shekarar dokar ta-ɓaci

Shekara ɗaya kacal da fara cikakken aiki, garin ya kama da wuta. Rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001 ya ci rayuka kusan 1,000 cikin 'yan kwanaki. A watan Fabrairun 2002 babbar kasuwar Terminus, wadda ke haɗa kowa da kowa, ta ƙone. A watan Mayun 2004, bayan kashe-kashen Yelwa, Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Filato, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye na wata shida.

A wannan shekara ta 2004 ne JRT ta ƙaddamar da Bikin Wasan Kwaikwayo na Jos, da tallafin Gidauniyar Ford. Shi ne ya zama aikin da aka fi sanin ƙungiyar da shi: kwanaki a jere ana nuna wasanni daban-daban da yamma, da rana kuma ana gudanar da bitoci ga matasa.

Gwajin bai ƙare a nan ba. Rikici ya sake tashi a ƙarshen Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ya kuma dawo a Janairun 2010. A watan Maris na wannan shekarar aka yi kisan Dogo Nahawa, a jajibirin Kirsimeti kuma bama-bamai suka tashi a cikin gari. A watan Mayun 2014 wasu tagwayen bama-bamai suka hallaka mutum sama da 100 a yankin Terminus. Kowane rikici yakan bar garin a rabe fiye da yadda ya same shi. Iyalai sun sayar da gidajen da suka gada sun koma inda masu addininsu suka fi yawa. Wanda ke zaune a Unguwar Rogo ya daina ratsa Unguwar Rukuba da dare, na Unguwar Rukuba ma haka. An sami yaran da suka girma har suka gama sakandare ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu guda ba.

Ga ƙungiyar wasa, illar wannan a fili take. Gwajin wasa yana cin makonni, kuma dole 'yan wasa su taru kullum daga unguwanni daban-daban su koma gida lafiya. Dokar hana fita ta kwana uku ta isa ta rusa shirin wata uku. Mai kallo kuma sai ya auna hanyar da zai bi ya dawo kafin ya yanke shawarar fita. Bikin ya yi ɗan tsaiko a shekarun da abin ya yi ƙamari, amma ya dawo, kuma tallafin ofishin jakadancin Amurka na cikin abin da ya riƙe shi bayan dawowar. Harabar cibiyar Alliance Française da ke Jos ta zama masaukinsa.

Abin da ake gani a kan dandamalin

Jerin wasannin bikin 2013 ya isa misali na irin zaɓin da ƙungiyar ke yi. A ciki akwai wasan Wale Ogunyemi a kan Sarauniya Amina ta Zazzau, wato tarihin Hausa daga alƙalamin marubuci Bayarabe, a gaban 'yan kallon Filato. Akwai Jitney na August Wilson, marubucin nan baƙar fata na Amurka, labarin direbobin kabu-kabu a birnin Pittsburgh da hukuma ke shirin rushe musu tasha, da kuma uban da ɗansa ya fito daga kurkuku bayan shekaru suka kasa haɗa ido. A garin da aka hana acaba, inda dubban matasa suka wayi gari babu abin yi, ba sai an yi wa kowa fashin baƙin wannan labari ba. Akwai kuma Audience na Vaclav Havel, marubucin da ya sha ɗauri a zamanin kwaminisanci kafin ya zama shugaban ƙasar Cekoslobakiya a 1989. Wasan na mutum biyu ne kawai: marubucin da gwamnati ta hana wallafa aikinsa har ya koma leburanci a masana'antar giya, da shugabansa a wurin aiki da ke roƙonsa ya riƙa rubuta rahoton leƙen asiri a kan kansa domin a miƙa wa jami'an tsaro. Waɗanda suka rayu a zamanin soja sun san irin wannan dariya mai ɗaci.

Ƙungiyar ta sha nuna ayyukan Soyinka, ta kuma buɗe ƙofa ga sababbin rubuce-rubuce. A bikin Jos ne aka fara nuna wasannin Renovation da The Death Road na marubuciya Sefi Atta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wasan kwaikwayon da ba a taɓa hawa dandamali da shi ba kamar tuwo ne da aka tuƙa ba a ɗanɗana ba. Marubuci ba ya sanin inda gishiri ya yi kaɗan sai ya ji inda 'yan kallo suka yi shiru da inda suka fara duba agogo. A tsakiyar shekarun 2000 kuma JRT ta yi aikin haɗin gwiwa da ƙungiyar Clyde Unity Theatre ta birnin Glasgow, a ƙarƙashin wani shiri na British Council, inda aka fito da wasan Our House. Ta kuma saba kai wasanninta Abuja, inda ofisoshin jakadanci da masu iya sayen tikiti suka fi yawa.

Wa ke biyan kuɗin fitila?

A nan ne gizo ke saƙar. Fim ana ɗaukarsa sau ɗaya a yi ta sayarwa shekara da shekaru. Wasan dandamali kuwa duk daren da za a nuna shi sai an sake biyan komai: kuɗin motar 'yan wasa, man janareta, hayar fitilu da na'urar sauti, gyaran sutura, masu gadi. Idan aka sa tikitin da zai mayar da wannan kuɗi, ɗalibai da ƙananan ma'aikata, waɗanda su ne mafi yawan masu sha'awa, ba za su iya saye ba. Idan aka sauke farashi yadda za su iya, kujeru za su cika amma a tashi da bashi. Wannan lissafi ba na Jos kaɗai ba ne. Ko a Ingila da Jamus, gidajen wasa da dama da tallafin gwamnati suke numfashi.

A Najeriya irin wannan tallafi bai taka kara ya karya ba, kuma ɗan abin da ake warewa ya fi tafiya ga ƙungiyoyin raye-rayen gwamnati da ake kira su tarbi manyan baƙi. Don haka ƙungiya mai zaman kanta ba ta da zaɓi illa ta koyi rubuta takardar neman tallafi, da ajiye rasiɗi, da bayar da rahoton yadda aka kashe kowace naira. Oteh da kansa ya samu horo a kan tafiyar da cibiyoyin fasaha a Cibiyar Kennedy da ke Washington, kuma wannan fanni na cikin abin da ake koyarwa a bitocin bikin. Ƙungiyoyi da yawa masu hazaƙan 'yan wasa sun mutu saboda babu mai kula da littafin kuɗi. Wani ɓangare na sirrin daɗewar JRT yana kan teburin ofis ne, nesa da hasken dandamali.

Sai dai wanda ya dogara da bazar wani, da ita zai yi rawa. Gidauniyoyi kan sauya alƙibla, jakadu kan tafi wasu su zo da nasu ra'ayin, gwamnatocin ƙasashen waje kan rage kasafin al'adu a duk lokacin da suka ga dama. Kuma ba abin mamaki ba ne idan ofishin jakadancin da ya ba da kuɗi ya so ganin marubucin ƙasarsa a cikin jerin wasanni. Hakan ya ba mutanen Jos damar ganin ayyukan da ba za su taɓa gani ba, amma ya bar tambaya a buɗe: ranar da hannun waje ya janye, wane attajiri ko kamfani na gida ne zai ɗauki nauyin?

Harshen da ke jiran a kira shi

Akwai kuma batun harshe. Akasarin wasannin da ake nunawa a babban dandamalin bikin da Ingilishi aka rubuta su, don haka 'yan kallonsu sun fi fitowa daga cikin ɗalibai da malamai da ma'aikata. Alhali kuwa harshen da ya haɗa Jos shi ne Hausa. Da ita ake ciniki a Farin Gada, da ita ake faɗa da sulhu a tashar mota, da ita ake wa'azi a masallaci, da ita kuma ake rera waƙa a majami'u da yawa na Filato, inda Littafi Mai Tsarki na Hausa ke hannun jama'a tun 1932. Duk rabuwar da aka yi, ba a raba wannan harshe ba.

Kuma Hausa ba ta rasa rubutattun wasanni ba. Akwai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Yawancinsu sun maƙale a aji, ana karanta su don cin jarrabawa, alhali don a gani aka rubuta su. Hazaƙan matasa masu wasa da Hausa kuwa, a Jos da Kano da Kaduna, sun bi kamara, domin a can ake samun suna da abin kai wa baki. Wannan giɓi ba laifin ƙungiya ɗaya ba ne, kuma ba ita kaɗai za ta cike shi ba. Amma yana nuna inda sababbin 'yan kallo suke, ga duk wanda ke tunanin makomar dandamali a arewa.

Darasin da ke cikin tarihin JRT ya shafi garuruwa irin su Katsina da Bauchi da Gusau da Yola, inda ake da matasa masu sha'awa da ɗakunan taro da ke kulle mafi yawan kwanakin shekara. Abin da aka fara da shi a Jos bai wuce mutane kaɗan da suka amince su riƙa haɗuwa kullum a kan lokaci ba, da wurin aro, da wasanni masu kyau, da wanda zai riƙe lissafi da gaskiya.

Har yanzu ƙalubalen na nan: kuɗin da ba shi da tabbas, da 'yan wasan da ake horarwa su gwanance sannan Legas ko Abuja su janye su. Garin ma bai gama warkewa ba, domin har yau ƙauyukan Filato na binne mutanensu. Amma a tsawon shekarun da Jos ta rasa kasuwarta, unguwanni suka ja wa juna iyaka, an ci gaba da samun yammacin da ake jera kujeru, a kunna fitila, mai shiga ya nemi wurin zama ba tare da an tambaye shi daga wace unguwa ya fito ba.